Garin da Adda Turai Ta Shaƙa

Ni maƙwabciyar Mamuda mai kemis ce a Talata Mafara, shekara goma sha ɗaya muna cin tuwon juna. Don haka ba a kasuwa na tsinci labarin nan ba. Wani da idona na gani, wani kuma Turai ce ta faɗa mini da bakinta, a lokacin da magana ta zame mata aiki mai wuya.

Turai yayar Mamuda ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa yake ce mata Adda, mu ma duk unguwa muka ɗauka. Ta zo gidansa ne da damina, bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu Gidan Goga sun kashe mijinta a bakin rumbunsa. Ba ta da ɗa a raye. Buhu ɗaya na tufafi ta zo da shi, sai tabarma. Doguwar mace ce mai ƙashi, wadda ta saba da surfe da ɗaukar dami. Ranar da na fara shiga yi mata gaisuwa, a bakin rijiya na same ta, ta cika randuna uku tana hira da ni, ko haki ba ta yi ba.

Tana gama takaba Mamuda ya kira ta tsakar gida.

"Adda, zama hakanan shi ka kawo tunani. Ga ɗan aiki nan baya, ki riƙa motsa jikinki. Ba wani abu mai wuya ba ne."

Ta ce to. Me za ta ce? Tuwonsa take ci.

Mamuda yana da wani garin magani da ya yi suna, wanda ya laƙaba wa Miƙe-Tsaye. A jikin ledar akwai hoton ganye da saiwa, an rubuta cewa sassaƙe ne zalla irin na kakanni. Ranar Talata manoma har layi suke yi a kansa, dillalai kuma su kwasa su kai Bakura da Maradun da Kaya. Mai ciwon baya ya dama cokali ɗaya a kunu, kafin azahar ya koma gona. Ni ma na saya wa mijina, ba sau ɗaya ba.

Abin da ke cikin ledar ba sassaƙe ba ne. Ƙwayoyin bature ne, na kashe ciwo da waɗanda ke sa mutum ya yi ƙiba, ake niƙewa a haɗa da garin citta da ɗan kanwa don kala da ƙamshi. A wani tsohon ɗakin ajiyar hatsi da ke ƙuryar gidan ake aikin. Taga ɗaya ce da ɗakin, ita ma Mamuda ya buga mata kwano, ya cusa tsumma a duk wata kafa, don kada ƙura ko wari su fita maƙwabta su gane. Ƙofa kuwa doka ce ta kasance a rufe.

Nan Turai take shiga da hantsi. Ta ɓare ƙwayoyi daga katinsu har farcenta ya yi tsami, ta zuba a babbar bilenda ta niƙa, ta juye a rariya ta tankaɗe a baho, ta gauraya da hannu, sannan ta bi da cokali tana ɗurawa a ƙananan ledoji. Duk sanda ta buɗe murfin bilendar, garin yakan tashi ya cika ɗakin, har ƙwan fitilar ya koma dishi-dishi. Ba ta fitowa sai salla da abinci. In ta fito, girarta da gashin idonta fari fat.

Kafin zuwanta, Na'ima matar Mamuda ce ke wannan aikin. Da ta samu ciki, ya hana ta ko giftawa ta bakin ƙofar. Shanya ma ya sa an ɗauke igiyarta daga wannan ɓangaren. Turai ta lura da haka, ta tambaye shi dalili wata rana.

"Mai ciki daban ce, Adda. Ke mi kike ɗauke da shi?"

Ta juya ta koma ciki.

Da atishawa abin ya fara. Sai wani ɗaci ya zauna mata a maƙogwaro, ko zuma ta lasa sai ta ji ɗaci. Tafin hannunta ya soma saɓa, tsakanin yatsunta ya tsattsage. Wata na uku fuskarta ta cika ta yi zagaye, wuyanta ya yi kauri. Mata suna shigowa suna cewa, "Kai Adda, zaman birni ya karɓe ki." Mamuda ya riƙe wannan magana kamar takardar shaida. Duk wanda ya zo sai ya ce, "Ku dube ta. Kamar kara ta zo mani, yanzu ga kumatu." Amma in ka danna ƙafarta da yatsa, ramin yakan daɗe bai cike ba.

Ta roƙe shi takunkumi, irin wanda aka yi ta sakawa lokacin annoba. Kwali-kwali ne a shagonsa, ni shaida ce. Kullum sai ya ce ya manta. Da ta matsa ya kawo guda ɗaya, ta yi wata guda tana wankewa tana mayarwa, har igiyarsa ta tsinke. Daga nan ta koma ɗaure hanci da gefen mayafi.

Sai tari ya zo. Ba irin na mura ba, busasshe ne, mai kama mutum ya riƙe har sai ya durƙusa. Bayansa wani fito ya shiga ƙirjinta, in tana numfashi kana jiyo shi daga taki biyar.

Wata ranar Laraba ina tsakar gidansu ina taya Na'ima gyaran shinkafa, Mamuda ya shigo cin abinci. Turai ta fito daga ɗakin tana dafa bango.

"Mamuda, don Allah ka cire kwanon tagar nan. Ko rabi ne. Iska ba ta isa ta."

Ya ajiye cokali. "In cire, warin ya tahi gidajen mutane, gobe a turo mani jami'ai? Ke za ki ciyar da gidan nan in anka rufe shago?"

"To ƙirjina hwa?"

"Ƙirjinki mi? Magani ne kike shaƙa, Adda, ba guba ba. Abin da mutane ke layi su saya su sha, ke kina samu kyauta. Tarin nan na baƙin cikin mijinki ne, na hwaɗa maki ki rage tunani."

Ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar maganin tari ya dangwarar a gabanta. Na'ima ba ta ɗago kai daga faifai ba. Ni ma ban ɗago ba. Wannan zan faɗa a kaina kafin wani ya faɗa: na ji komai, na ci gaba da tsince tsakuwa, na ce a raina maganar 'yan'uwa ce.

Na'ima ta haihu bayan sallar layya, aka sa suna ranar Litinin. Gida ya cika da mata tun safe, ana ta ɗora tukwane. Ban ga Turai ba. Ashe washegari kasuwa ce, kuma dillalin Maradun ya aiko yana son kaya da yawa. Mamuda ya ce kada a kunna bilenda saboda baƙi, amma tankaɗe da ɗuri ba su da ƙara.

Cikin baƙin akwai Amatullahi, yayar Na'ima, wadda ke aiki a wani kamfanin yin magunguna a Kano. Ta gaisa da kowa, sannan ta ce, "Ina Adda Turai? Ban yi mata gaisuwar rashi ba tunda abin ya faru." Na'ima ta ce ta ɗan fita. Ni kuwa ban san abin da ya taɓa ni ba, na nuna mata ƙofar da haɓa.

Ta je ta tura. Garin ya bugo ta a fuska, ta ja da baya tana kare hanci da hijabi. Ta sake leƙawa. Turai na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, rariya a hannu, fara tas kamar an tono ta daga toka. Amatullahi ta shiga da sauri ta kamo hannunta ta fito da ita, ta zaunar da ita gindin darbejiya. Ta koma ta ɗebo fankon katin ƙwayoyin daga ƙasa tana karanta sunayensu.

"Adda, tun yaushe kike wannan?"

"Wata tara ke nan."

"Kullum? A rufe haka?"

Turai ta gyaɗa kai, don tari ya riga ya kama ta.

Amatullahi ta aika a kira Mamuda daga zaure. Ya shigo cikin babbar riga yana murmushin uban jariri, da ya ga ƙofar a buɗe murmushin ya ɗauke. Abu na farko da ya yi shi ne ya je ya ja ta ya rufe.

"Malam Mamuda," in ji Amatullahi, "ka san mene ne wannan?" Ta ɗaga katin. "A wurin aikinmu, ranar da ake juya garin wannan ƙwayar, ba wanda ke taɓa shi da hannu. Cikin rufaffen akwatin gilashi yake, ta wasu dogayen safar roba da ke manne a jikinsa muke zura hannu. Daga mazubi zuwa inji ta bututu yake bi, ba ya ganin sarari. Akwai injin da ke zuƙe iskar ɗakin yana tacewa. Duk da haka sai mun rufe jiki daga kai har ƙafa, in mun fito mu tuɓe mu yi wanka kafin mu tafi gida. In cokali ɗaya ya zube ƙasa, tsayar da aiki ake yi. Kai ka kulle 'yar'uwarka da shi wata tara, da rariya?"

Mata sun yi cirko-cirko, har masu tuƙin tuwo sun saki muciya.

"Can Kano ke nan," in ji Mamuda, murya ƙasa-ƙasa. "Nan gidana ne. Suna kinka zo ko bincike?"

"Dubi fuskarta! Wannan ba ƙiba ba ce, maganin ne ya cika mata jini. Saurari ƙirjinta!"

"Ke likita ce? Leburar kamfani ce ke, kwali kike naɗewa. Wa ya riƙe ta sadda ta zo ba ta da ko takalmi? Ke? Danginmu nawa ne a garin nan, wa ya buɗe mata ƙofa in ba ni ba? Yau don na ce ta kama mani ɗan aiki shi ne na zama azzalumi?"

"To me ya sa ka fitar da Na'ima daga ɗakin?"

Na'ima ce ta fito daga ɗakin jego tana kuka, ta riƙe hijabin yayarta. "Yaya, don girman Allah ki bari. Ranar sunan ɗana ce. Ke gobe za ki hau mota, ni nan zan zauna. Kada ki kashe mani aure."

Amatullahi ta dube ta, ta dubi Turai. "Adda, tashi mu je asibiti yanzu."

Turai ta ɗaga ido ta dubi ƙanenta. Ya ce, "In kin bi ta, ki bi ta har Kano." Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Bari dai a gama suna."

Amatullahi ba ta ci abincin gidan ba. Kafin ta tafi ta ce sai ta kai ƙara, kuma ta kai. Amma Mamuda ya ji da kunnensa. Kwana biyu ya kwashe komai ya kai wani wuri, ya sa aka shafe ɗakin da farar ƙasa, aka jera buhunan gero. Da jami'ai suka zo, gero suka gani. Ya ba su ruwan sanyi, ya raka su har mota. Bayan sati biyu bilenda ta dawo, Turai ta koma. Matan da suka ga abin da ya faru ranar suna kuwa, hukuncin da suka yanke shi ne Amatullahi ba ta da kunya, boko ya ɓata ta, ta tozarta surukinta a gaban jama'a.

Da sanyin safiyar wata Asabar Na'ima ta aiko a kira ni. Na sami Turai a ƙofar ɗakin aikin, ta zube a ƙasa, bakinta a buɗe tana jan iska iskar ba ta shiga, leɓɓanta sun yi baƙi. Mijina ya tsayar da mai Keke Napep, muka ɗauke ta. Mamuda ya biyo mu a babur. A bakin asibiti ya sunkuyo kanta, ni ina riƙe da kafaɗarta.

"Adda, in anka tambaye ki, hayaƙin murhu ne. Kin ji? Kada ki tona mani asiri a gaban mutane."

Mace tana neman numfashi, abin da ya dame shi ke nan.

Kwana shida ta yi da robar iska a hanci. Da likita ya tambayi aikin da take yi, Mamuda na tsaye a kanta, ta ce girki. Likitan ya dubi hannuwanta, ya dubi fuskarta, ya wuce. Rana ta uku Mamuda ya tafi kasuwa, likitan ya dawo ya ja kujera ya zauna. Ni ce a wurin. Ya ce, "Baba, ni ba ɗan sanda ba ne. In ban san abin da ya shiga ƙirjin nan ba, ba zan san abin da zan ba ki ba." Sannan ta faɗa masa duka, a guntu-guntu.

Ya ɗaga hoton ƙirjinta a haske ya nuna mana. Ya ce kumburin jikin zai sauka a hankali, amma huhun ya yi tabo, kuma tabon huhu ba ya gogewa. Ya ce in ta sake shiga ɗakin nan, ko na yini ɗaya ne, kada a wahalar da mai Keke.

Aka sallame ta. Kwana biyar Mamuda ya bar ta ta huta. Rana ta shida ya tsaya a ƙofar ɗakin kwananta.

"Adda, jiki ya yi sauƙi ai. Ba niƙa za ki yi ba, na samu mai niƙa. Ɗuri kawai."

"Likita ya ce in na shiga mutuwa zan yi."

"Likita Allah ne? Kowa da ranarsa. Wanda 'yan bindiga sunka harbe garin magani ya shaƙa?"

Mijinta yake nufi. Turai ta ce mini a duk abin da ya yi mata, wannan ce ta fi tsaya mata a rai.

"Ba ni shiga, Mamuda."

"To gidan nan ba sansanin 'yan gudun hijira ba ne. Kowa da abin da yake kawowa."

Ta naɗe tabarmarta, ta aiko na zo na ɗaura mata buhu. Na'ima ta laɓe a ɗaki, ta turo mata sabulu biyu ta hannuna. Na kai ta tasha ta hau motar Bakura, wurin Asabe ƙanwar marigayi mijinta, wadda ke sayar da ƙuli-ƙuli, ita ma da ƙyar take ci. Daga bakin titi zuwa inda motar take, sau uku muka tsaya ta huta.

Ana saura kwana goma azumi na je duba ta. Kumburin ya sace, ya bar fata a saki. Tana zaune a inuwar zana, an jingina ta da buhun ɓawon gyaɗa, don ba ta iya kwanciya miƙe. Muna cikin gaisawa muka ji tsayuwar mota. Mamuda ne, da farar shadda, yaron mota na biye da shi da buhun shinkafa da turmin atamfa. Aka shimfiɗa masa tabarma. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya gode wa Asabe da ɗawainiya. Turai tana amsawa da "lahiya" ɗaya-ɗaya.

Sannan ya gyara zama. "Adda, Allah ya nufe ni da Umra, jibi za mu tashi. Malamai sun ce kada mutum ya tahi da haƙƙin kowa. Zaman tare ba a rasa saɓani. In akwai abin da na yi maki bisa kuskure, a yafi juna."

Turai ta ja numfashi, fiton ya fito fili.

"Wa ke cikin ɗakin yanzu?"

Ya ɗan yi dariya. "Wata baiwar Allah ce, Nagode, daga Dosara. Su ma an kore su. Taimaka mata nike yi."

"Ka cire kwanon?"

Ya dubi Asabe, ya dube ni, ya dubi agogonsa.

"Adda, ba wannan ya kawo ni ba."

"Na sani." Ta tsaya ta huta. "Ni na goya ka, Mamuda. Sadda Inna ke gona." Ta sake tsayawa. "Ba kuskure ba ne. Ka san abin da ke ciki. Shi ya sa ka fidda matarka."

"Haba Adda, azumi ke tahe. Allah ma muna yi masa laifi ya yafe."

"To ka roƙe shi nasa." Tari ya taso mata, Asabe ta riƙe ta har ya lafa. Ta share baki da gefen zane, ta dube shi ido cikin ido. "Nawa ban yafe ba. Ka tahi da shi. Ka yi ɗawafi da shi."

Ya miƙe yana kaɗe riga. Ya ce a gabanmu ciwo ya taɓa mata hankali, shi dai ya sauke nauyi, Allah ya gani. Ya bar shinkafar ya fita. Asabe ta dubi buhun, Turai ta ce a dafa, yaran gidan ba su yi laifin komai ba. Atamfar kuwa ta ce a mayar masa.

Ya je ya dawo. Unguwa ta cika gidansa, ana shan zamzam ana karɓar dabino, ana cewa Allah ya maimaita. Liman ya yabe shi a kan riƙon zumunci. Ba wanda ya tambayi inda yayarsa take, kuma duk sun sani. Ni ban shiga ba. Na tare Nagode a hanyar rijiya na faɗa mata abin da ya sami wadda ta gada. Ta saurare ni har ƙarshe, girarta fari fat, ta ce, "Na ji, Malama. To ina zan tahi?" Har yau ina neman amsar da zan ba ta.

Mutanen da suka shiga Gidan Goga da bindiga ba su san sunan Turai ba. Sun kashe mata miji, sun ƙone mata ɗaki, amma ta fito daga hannunsu da ƙafafunta da numfashinta. Wanda ya ƙarasa ta ya san sunanta, ya san na uwarta, a bayanta ya yi barci yana jariri. Tana nan a Bakura da rai. A zaune take salla, kuma Fatiha sai ta yanka ta gida huɗu kafin ta kai amin.